Kiwon dodon koɗi marar koɗi: yadda maƙiyin lambu ya shigo ɗaki a Ingila

Akwai wata halitta da mai lambu a Ingila ya daɗe yana tsana fiye da kowace, kuma ita ce wasu 'yan ƙasar suke sakawa yanzu a akwatin gilashi, su ajiye a gefen gado, har su raɗa mata suna. Ba ta ba da nono, ba ta gadi, ba a cin namanta, ba ta ma san fuskar mai ita ba. Kwatancenta mafi sauƙi ga Bahaushe shi ne dodon koɗin da aka tuɓe wa koɗinsa: jiki laɓu-laɓu, 'yan ƙahonni huɗu a ka, jan ciki a hankali, da sawun yauƙi mai ƙyalli a duk inda ya bi. Tun da a lambu ya yi ƙaurin suna, bari mu kira shi dodon lambu.

Kiwon sha'awa ba baƙo ba ne a wurinmu. Akwai masu tantabara, akwai masu aku, akwai masu zomo da kyanwa. Sai dai kowace daga cikinsu tana ramawa da wani abu: tantabara ta yi shawagi ta dawo gida, aku ya kwaikwayi sallama, kyanwa ta kama ɓera ta zo tana goga jiki. Dodon lambu kuwa yini yake yi a ƙarƙashin ɓawon itace, sai dare ya raba ya fito. To me ake kiwo ke nan? Bayan na duba yadda jikin dabbar yake aiki da abin da masu ajiye ta suke fama da shi, abin da na fahimta shi ne danshi suke kiwo. Mai akwatin nan aikinsa ya riƙe wani ɗan yanki na daren damina a cikin ɗakinsa, kullum, ba fashi. In ya iya wannan, dodon zai kula da kansa. In ya gaza, ko da zinare ya yi masa ɗaki, mutuwa zai yi.

Dalilin haka yana cikin asalinsa. Kakannin dodon lambu masu koɗi ne, irin wannan katantanwar da yara suke murzawa ta yi ta juyi a ƙasa. A tsawon zamani wasu zuriyoyi daban-daban suka rage koɗin har ya ɓace daga waje, kuma ba sau ɗaya abin ya faru ba. Har yau wasunsu suna ɗauke da ragowarsa, ɗan faifai mai kamar farce a ɓoye ƙarƙashin fatar bayansu. Wasu kuma sai 'yan tsaba na alli kawai. Akwai ma wani jinsi, Testacella, da yake jan ɗan guntun koɗi a ƙarshen wutsiya kamar mai goyon ƙwarya. Yar da koɗi yana da riba. Gina shi yana cin alli mai yawa, kuma mai shi ba ya iya kutsawa tsaga ƙarama. Marar koɗi yana rayuwa a ƙasar da ba ta da alli, yana kuma matse jiki ya shige ramin da ba za ka taɓa zato ba. Amma ribar da kuɗinta: dodon koɗi in rani ya yi sai ya shige gidansa ya liƙe ƙofa ya yi barcin watanni, shi kuwa wannan ba shi da ƙofar rufewa. Mafi yawan jikinsa ruwa ne, fatarsa kuma ba ta tare ruwan ya fita. Shi ya sa ƙasashe masu yayyafi da hazo irin su Birtaniya, Ailan da gaɓar arewa maso yammacin Amurka suka zama aljannarsa, shi ya sa kuma mutum zai iya girma a ƙasar da hunturu ke fasa leɓe bai taɓa haɗuwa da shi ba.

Yauƙin da mutane suke ƙyama shi ne makaminsa duka. Da shi yake shimfiɗa wa kansa hanya, da shi yake manne wa bango ya hau ko ya yi tafiya a kife, da shi yake rage bushewa, in an tsorata shi kuma sai ya fitar da wani mai kauri da danƙo wanda yake cika bakin mai son cinsa. Abin yana da wata ɗabi'a da take ba sabon mai kiwo mamaki: yana zuƙar ruwa. Wanda yauƙin ya shafa a hannu ya ruga famfo sai ya ga ya ƙara yawa da santsi. Dabarar ita ce a fara goge shi a bushe, a murza har ya dunƙule kamar gam, sannan a wanke da sabulu. Wannan danƙon da yake kama wuri mai jiƙa ya ja hankalin masana a jami'ar Harvard, inda a 2017 suka fitar da wani gam na likitanci da suka kwaikwayo daga yauƙin jinsin Arion subfuscus, suka liƙe huda a zuciyar alade da shi a gwaji. Gishiri kuwa, wanda yaran Turawa suka saba barbaɗa masa don wasa, yana janye ruwan jikinsa ne ta fata har ya ƙafe. Mai kiwo dole ya riƙe wannan a ka, domin ba gishirin kicin kaɗai ba ne: gumin tafin hannu ma yana da gishiri, haka man shafawa da turare da ragowar sabulu duk suna ratsa fatar nan. Masu abin sukan jiƙa hannu kafin su taɓa shi, da yawa kuma ba sa taɓawa sam, sai su miƙa masa ganye ya hau da kansa.

Yadda ya tashi daga maƙiyi ya koma abin ajiyewa yana da alaƙa da wani gyaran fahimta da aka yi a Birtaniya. Babbar ƙungiyar masu lambu ta ƙasar, RHS, wadda aka kafa a 1804, ta kwashe shekaru tana fitar da jerin halittun da 'ya'yanta suka fi kuka da su, dodon lambu da ɗan uwansa mai koɗi kuma sun sha zama a saman jerin. A 2022 ƙungiyar ta sanar da cewa ta daina lissafa su a cikin maɓarnata. Hujjarta: a cikin jinsuna wajen 44 da ake samu a ƙasar, tara ne kawai suke cin shukar lambu. Sauran ruɓaɓɓen ganye suke ci, da fumfuna, da naman kaza, da gansakuka, da mushen ƙwari. Su ne masu shara, su ne kuma abincin bushiya, kwaɗi, tsuntsaye da wasu ƙwari. Wake ɗaya ne ya ɓata gari. A watan Afrilu na shekarar kuma aka haramta amfani da gubar metaldehyde a fili a Birtaniya, ƙwayoyin da aka daɗe ana watsa wa dodon, saboda illarsu ga tsuntsaye da dabbobi, har da karnukan gida. Tun kafin nan, a 2018, ƙungiyar ta gwada dabarun gargajiya da masu lambu suke rantsuwa da su, irin su kewaye shuka da zaren jan ƙarfe ko dakakken ɓawon ƙwai ko tsakuwa, a kan latas, ta ga babu wadda ta hana shi ci.

Kada a ɗauka manomi ya yafe masa. Ƙaramin toka-tokan nan, Deroceras reticulatum, yana cinye alkama tun tana tsiro, ya huda dankalin Turawa a cikin ƙasa, kuma asarar da yake jawowa ta gaske ce. Wani ja-ja, Arion vulgaris, ya mamaye lambunan arewacin Turai har mutanen Norway da Sweden suna kiransa makashi. Abin da ya canja shi ne an daina yi wa dangin duka kuɗin goro. Da zarar mutum ya koyi rarrabe jinsi, sai ya fara kallo maimakon takawa, daga kallo kuma sai ajiyewa.

Wanda aka fi ajiyewa shi ne mai zanen damisa, Limax maximus, wanda masanin halittu Linnaeus ya ba suna a 1758. Yana kai tsawon santimita 15 ko fiye, da ɗige-ɗige da ratsi baƙaƙe a kan toka, kuma ko mai ƙyama in ya tsaya ya duba zai yarda cewa yana da tsari. Ya fi son ruɓaɓɓen abu da naman kaza a kan ɗanyen ganye, wani lokaci kuma yakan bi wasu dodannin ya far musu, abin da ya sa wasu masu lambu suke maraba da shi, abin da kuma ya sa bai kamata a haɗa shi akwati ɗaya da ƙanana ba. Yana rayuwa shekara biyu da rabi zuwa uku, alhali da yawa daga ƙananan lambu ba sa wuce shekara. Akwai kuma masu ɗorawa-ɗorawa da kore-kore na jinsin Limacus, waɗanda suke shigowa kicin da dare su lashi kwanon kyanwa; waɗannan tun da can 'yan gida ne, akwatin kawai aka ƙara musu. A Amurka kuwa tauraron shi ne mai kama da ayaba, Ariolimax, na dazuzzukan gaɓar tekun Fasifik, wanda yake kai santimita 25. Ɗaliban jami'ar California ta Santa Cruz sun kaɗa ƙuri'a a 1986 suka zaɓe shi tambarin makarantarsu, suka ƙi dabbar ruwan da ake kira zakin teku wadda hukumar jami'ar ta so, a 2024 kuma jihar California ta sa shi cikin alamominta a hukumance. Amma shi ɗan daji ne mai son sanyi da hazo, ɗakin mutum ba ya cika karɓarsa.

Akwatin kansa ba shi da tsada. Gilashi ko roba, da murfin da yake kamawa sosai, da ƙananan hudoji ko raga mai laushi don iska. Murfin ba abin wasa ba ne: dabbar da ba ta da ƙashi ko ɗaya, hudar da kan fensir zai shiga ta ishi ƙaraminta ya fice, kuma dodon da ya tsere cikin ɗaki mai na'urar ɗumama yakan bushe a bayan kujera kafin gari ya waye. A ƙasa ana zuba ƙasar da ba ta taɓa ganin takin zamani ko maganin ƙwari ba, ko kuma ɓawon kwakwa da aka niƙa, kaurin 'yan yatsu, sannan busasshen ganye, gansakuka, da guntun ɓawon itace da zai ɓuya a ƙarƙashi. Ana fesa ruwa sau ɗaya ko biyu a rana, ruwan sama ko ruwan famfon da aka cire wa kulorin. Ma'aunin da masu kiwo suke bi shi ne a damƙi ƙasar a hannu: ta dunƙule amma kada ta ɗiga. Nan ne wahalar take, domin iyakar siririya ce. In ya bushe dodon ya ƙanƙance ya daina motsi. In ya jiƙe da yawa iska ta tsaya, fumfuna ta rufe abinci, ƙananan ƙudaje su cika akwati. Kwanon ruwa mai zurfi ma haɗari ne. Mutane sukan manta cewa da huhu yake numfashi, ta wata huda a gefen damansa da za ka ga tana buɗewa tana rufewa, saboda haka yana iya nutsewa. Wannan ne ma sirrin tarkon da masu lambu suke yi masa da kofin giya: ƙamshin yis ya jawo shi, ya faɗa, ya kasa fita.

Sai zafi. Jinsunan Turai sun fi sakewa a tsakanin digiri 10 zuwa 20. Akwatin gilashi a bakin taga, rana ta sa'a ɗaya ta isa ta mai da shi tanda. A 'yan shekarun nan da bazara take tsananta a Ingila, har aka haura digiri 40 a watan Yuli na 2022, masu irin wannan kiwo sai sun nemi wuri mafi sanyi a gida su saukar da akwati. Wanda yake zaune a inda digiri 40 abin kowace shekara ne a watan Afrilu, ya san ko wannan kiwo zai yiwu a wurinsa tun kafin ya yi tambaya.

Ciyarwa ba ta da wuya. Kokwamba, karas, latas, kabewa, naman kaza, ɗan tuffa. A wanke sosai saboda feshin gona, a ajiye da yamma, a kwashe ragowar da safe kafin ta ruɓe. Lokaci-lokaci a ƙara abin gina jiki, kamar abincin kifin ado da aka jiƙa, da ɗan abin alli. Albasa, tafarnuwa, lemon tsami da duk abin da aka dafa da gishiri ba sa shiga. Yana ci ne da wani harshe mai kamar magagari, da dubban ƙananan haƙora a jere, yana kankarar abinci. In dare ya yi tsit kuma babba ne, ana iya jin ƙarar kankarar.

Tambayar da ta fi damun masu kiwon ita ce ko dodon ya san su. Wasu sukan ce nasu yana fitowa in sun buɗe murfi. Ni dai ban ga abin da zai sa a yarda da haka ba. Idanun da suke kan dogayen ƙahonninsa haske da duhu suke rarrabewa fiye da siffa. Duniyarsa ta ƙamshi ce da taɓawa. Abin da yake fito da shi shi ne ƙamshin kokwamba da raɓar da aka fesa. Amma wannan ba ya nufin kansa fanko ne. A 1975 wani masani a jami'ar Princeton, Alan Gelperin, ya nuna cewa mai zanen damisa yana koyon darasi: in ya ci sabon abinci aka sa shi rashin lafiya nan take, sai ya ƙaurace wa abincin, wasu daga gwaji ɗaya tak, kuma su riƙe abin har makonni. Daga nan dodon ya zama ɗaya daga dabbobin da ake nazarin yadda ƙwaƙwalwa take haɗa ƙamshi da tunawa. Wani danginsa na nesa da yake cikin teku, Aplysia, shi ne masanin ƙwaƙwalwa Eric Kandel ya yi aiki da shi har ya sami kyautar Nobel a 2000 kan yadda tunawa take zama a jijiya. A lambu ma an san mai zanen damisa da komawa maɓoya ɗaya bayan yawon dare. Yana tunawa ke nan, sai dai abin da yake tunawa wuri ne da ƙamshi, ba mutum ba. Mai neman abokin hira ya sayi aku.

Dokar Birtaniya ma ta bar shi a waje. Dokar 2022 da ta amince cewa dabbobi suna jin zafi da daɗi ta haɗa da ƙaguwa da jatan lande da dabbar tekun nan mai hannu takwas, amma ba ta kai ga dodon koɗi da dodon lambu ba. Babu hukumar da za ta tuhumi wanda ya bar shi ya bushe. Lamarin ya rage tsakanin mutum da zuciyarsa.

Inda sabon mai kiwo yake shan mamaki na gaske shi ne ranar da ya ɗaga ɓawon itace ya tarar da tarin ƙwai, farare ko garai-garai kamar ƙananan duwatsun ado, alhali dodo ɗaya ya ajiye. Kowane dodon lambu mata-maza ne. Wanda aka tsinto a lambu yana iya zuwa da ajiyar saduwar da ya yi tun kafin a kama shi, wasu jinsunan kuma ba sa ma buƙatar abokin tarayya. In biyu ne kuwa, dukansu za su yi ƙwai. Saduwar masu zanen damisa tana cikin abubuwan ban al'ajabi da ake iya gani a bayan gida a Turai: su yi ta zagaya juna na tsawon lokaci, su hau bango ko reshe, sannan su sauko tare a rataye da igiyar yauƙi mai kauri, a nannaɗe da juna, suna juyi a iska, gaɓoɓinsu masu shuɗi-shuɗi su fito daga gefen kai su sarƙe kamar fure. Akwatin da ba shi da tsayi ba ya ba su damar wannan, wani dalili ke nan da ya sa nake ganin kallonsu a lambu da tocila ya fi.

Ƙwan dai suna zuwa goma-goma a zubi ɗaya, kuma zubin ba ɗaya ba ne. Wanda ya bari suka ƙyanƙyashe, cikin wata biyu ya zama mai garke. Abin da masu kiwo suka saba yi shi ne su duba ƙasar kowane mako, su kwashe ƙwan su sa a firiza kwana biyu kafin su zubar. Aiki ne marar daɗi ga wanda ya fara abin don tausayi, amma ba shi da makawa, kuma wanda ba zai iya ba gara kada ya fara.

Kada kuma a ce ai sai a saki. In a lambun gidanka ka ɗauko shi, mayar da shi wurin ba laifi. In daga wata ƙasa ya zo, ko ta intanet ka saya, sakinsa ɓarna ce. Jihar Florida ta ɗanɗana wannan da ɗan uwansa mai koɗi, ƙaton dodon koɗin gabashin Afirka. A 1966 wani yaro ya dawo Miami daga Hawaii da guda uku, kakarsa ta sake su a lambu. Bayan 'yan shekaru an tattara fiye da 18,000, aikin kawar da su ya ci kusan shekara goma da kimanin dala miliyan ɗaya. Suka sake ɓulla a 2011, ba a ce an gama da su ba sai 2021, a wannan karon da kuɗi sama da dala miliyan 20, shekara ta zagayo kuma aka sake ganinsu a wata gundumar. Ajiye su babu izini haramun ne a Amurka. A Birtaniya kuwa halal ne, sanyin hunturun ƙasar ba ya barinsu su yaɗu. Abin dariyar shi ne manyan dodannin koɗin da ake kiwo a kudancin Najeriya da Ghana don miya, Achatina achatina da Archachatina marginata, su ne yaran Ingila suke yi wa wanka da ruwan ɗumi suna kiransu da suna. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Saura maganar da ba ta wasa ba. Akwai wata tsutsa, Angiostrongylus cantonensis, da aka fara ganowa a jikin ɓeraye a birnin Canton na Sin a 1935. Manyanta suna zama a jijiyoyin huhun ɓera. 'Ya'yanta su fito ta kashinsa, dodon lambu ko dodon koɗi ya lasa, su girma a jikinsa, wani ɓeran ya cinye dodon, zagayen ya cika. Mutum ba ya cikin lissafin. In ya shiga bisa kuskure, ta hanyar cin ɗanyen dodo ko ganyen salak da ƙaramin dodo ya maƙale a ciki, tsutsar takan nufi ƙwaƙwalwa ta mutu a can, ta haddasa wani nau'in sanƙarau. Yawancin waɗanda suka kamu suna warkewa, amma ba duka ba. A 2010 wani saurayi ɗan shekara 19 a Sydney ta Ostareliya ya haɗiye dodon lambu saboda abokai sun zuga shi a wurin hira. Ya yi kwana 420 a doguwar suma, ya farka da shanyewar jiki, ya rasu a 2018. Cutar ta fi yawa a kudu maso gabashin Asiya, tsibiran Fasifik da Hawaii, ta kai kudancin Amurka da yankin Karibiyan da wasu sassan Afirka, a 'yan shekarun nan kuma an same ta a Sifaniya. Birtaniya tana da 'yar uwarta, Angiostrongylus vasorum, wadda karnuka take kamawa in sun ci dodon ko sun lashi abin da ya bi ta kai, kuma tana iya kashe su.

Ya kamata a auna wannan daidai, kada a kai shi inda bai kai ba. Hanyar kamuwa ta baki ce. Wanke hannu bayan taɓa dodon ko ƙasarsa, raba kayan akwati da kayan kicin, hana ƙaramin yaro da kare isa wurin, su ne rigakafin. Gidan da yake da mai rarrafe, wanda duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, ba gidan wannan kiwo ba ne. Wani abu kuma da mai karatu a ƙasarmu zai iya rikitawa: tsargiya, wadda take sa fitsarin jini, ƙananan katantanwar ruwa ne na kududdufi da madatsar ruwa suke ɗauke da ita, kuma ta fata take shiga in an yi wanka ko wasa a ruwan. Dodon lambu na tudu ba ya cikin wannan sarƙar. Cuta biyu ne, hanya biyu.

In aka tara duk wannan, hukuncina bai da tsawo. Ga yaro ɗan makaranta da babba yake kula da shi, dodon da aka tsinto a bayan gida, aka ajiye mako biyu ko uku, aka kalli yadda yake ci da yadda hudar numfashinsa take motsi, sannan aka mayar da shi ƙarƙashin tukunyar furen da aka same shi, darasi ne da littafi ba zai bayar ba. Ajiye shi har mutuwa kuwa alkawari ne na shekara biyu ko uku na fesa ruwa safe da yamma, tonon ƙwai kowane mako, da neman wanda zai riƙe maka in tafiya ta kama, wanda kuma ba kowane maƙwabci ne zai ce to ba.

Kuma a mafi yawan ranakun nan mai shi ba zai ga dabbarsa ba. Zai kwanta akwati shiru, ya tashi akwati shiru. Abin da zai tarar da safe shi ne layin azurfa a jikin gilashi da ya hau har murfi ya juyo, da rami a tsakiyar yankan kokwamba.